Kwarin da Bareyi Ke Jego

Auta, gyara zama ki rubuta. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Ni ban san baƙi ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi. Idan kin gama ki miƙa wa mijinki Alhaji ya karanta, tun da ba zan iya zama gabansa in ɗaga ido in faɗa masa wannan ba. Suruki suruki ne, ko a Dubai.

Watana biyar ke nan a gidanku na unguwar Muraƙƙabat, kuma yanzu ne na san zafin garin nan. Ba irin namu na Damargu ba ne. Namu busasshe ne, kuma yana da alkawari: in ya kai maƙura ka san hadari na tafe. Na nan jiƙaƙƙe ne, kamar an ciro tsumma daga tukunya an rufa maka a fuska, kuma babu abin da ke biye da shi. Kowace la'asar sai in tsaya jikin taga in dubi gabas da idon nan ɗaya da likita ya wanke mini, ina neman ko ɗan baƙin gajimare. Benaye kawai nake gani. Ke kuma ki ce, "Inna, dawo kusa da esi kada ki narke mana." Wanda ya yi bazarar da zan ba ki labari ba ya narkewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Alhaji ya kai mu gonar abokin cinikinsa, Balaraben nan da suke loda kaya tare a unguwar Al Ras. Mutumin kirki ne a ido, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kira ni Ummi, ya zuba mini gahawa da hannunsa. Sai ya zagaya da mu bayan gida, ga bareyi cikin shingen waya, sun yi ɓul-ɓul, suna shan ruwa daga famfo kamar tumakin layya. Kin tambaye ni me ya sa na yi shiru a mota har muka iso gida, na ce miki gahawar ce. Ba gahawa ba ce.

Washegari kika kawo mini saƙon Alhaji. Balaraben yana da hannu a wani kamfani mai kai manyan mutane farauta, suna so su buɗe hanya a ƙasarmu, suna neman wanda ya san daji. Alhaji ya kira yayanki Babba a gida ya yi masa tayin aikin, Babba ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da Inna ta ce. To, ga shi an sake ajiye namiji yana jiran bakina. An taɓa yin haka sau ɗaya, shekarar da na haife ki.

Shekarar nan damina ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo ganye ya nannaɗe ya koma launin toka. Abin da muka girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Amma ba mu firgita ba, domin garinmu garin maharba ne. In gona ta ƙi, daji yana nan. Babanku ba ya dawowa hannu wofi: in ba barewa, to tuje ko zabi ko zomo. A sayar da rabi a kasuwa a auno hatsi, a yi kilishi da saura. Kuma kowace dabba aka kayar, ƙafar gaba ta zawarawa da tsofaffi ce, ba sai sun roƙa ba. Haka muka taso muka tarar.

Da sanyi ya shigo sai motoci suka zo. A gabansu akwai wani ɗan birni, Ilu, shi ne tafintan kamfanin. Ya tara maza a gindin gawon kasuwa, ya ɗaga wata takarda mai hatimi, ya ce daga rijiyar arewa har iyakar tuddan yashi an ba kamfani, baƙi ne kawai za su yi farauta a ciki. Aka bi gida gida aka karɓe bindigogin toka da bakuna. Wani bawan Allah ya ɗana wa zomo tarko a bayan gonarsa, sai da ya kwana uku a ɗaure. Ilu ya ce wanda yake so ya zo a ɗauke shi aiki: bin sawu, fiɗa, kafa tanti, ɗebo ruwa. Wasu suka tafi. Ina ganin mutumin da ake yi wa kirari a dandali ya koma wanke kwanukan baƙi. Babanku ya ce shi ba zai nuna wa mai mota hanya a dajin kakansa ba.

Duk tsawon sanyin nan muna jin rugugin motoci daga nesa. Baƙin suna sakin shaho yana kamo musu tuje. Kafin zafi ya shigo, tsuntsun nan da muke gani yana taƙama a bayan gari kamar basarake ya ƙare ƙaf.

Sai bazara ta sauka. Auta, ki rubuta wannan a hankali. Rana tana fitowa fara fat, ba ja ba. Kafin hantsi yashi ya ɗauki wuta, ko jaki sai ya riƙa ɗage ƙafa. Rijiyarmu ta ja baya har aka ƙulla igiya uku, gugan ya fito da rabin laka. Na shiga rumbu da tsintsiya na share shi, na sheƙe ƙasar na fitar da abin da bai cika ƙwarya ba. Daga nan muka koma dusa. Da dusa ta ƙare muka koma anza.

Ku ba ku san anza ba, Allah kada ya sa ku sani. 'Ya'yan wani ɗan itace ne mai ɗacin da in ka ci shi ɗanye zai iya kai ka lahira. Da asuba mu fita mu mata, mu tsinko, mu ɓare, mu tafasa da ruwan toka, sannan a jiƙa ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Ga shi ruwan ma sai an yi layi tun safe. Sai muka haɗa tukunya gida huɗu, ruwan da aka tsiyaye a ba awaki, in sun yarda su sha. Maƙwabciyata A'i, Allah ya jiƙanta, ita ce mai ba mu dariya. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce, "Kubura, wannan ko uwar mijina ba ta kai shi ba. A ƙara masa kwana." Mu yi dariya, cikinmu yana kuka. Mun tona gidan tururuwa mun ƙwace tsabar ciyawar da suka tara. Mun daka ƙarangiya har tafin hannu ya yi jini.

A cikin wannan hali na haife ki. Ranar suna babu rago, akuyar A'i aka yanka, ita ma ƙashi da fata. Ba a yi mini kunun kanwa ba, ruwan wankan jego kuwa rabin tulu ne. Kwananki ashirin nonona ya ɗauke. Ki kama, ki ja, ki saki, ki yi kuka. Daga baya kika daina kukan ma, sai dai ki buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Maɗigarki ta faɗa ciki har ina iya sa yatsa.

Lokacin ne Ilu ya dawo. Wasu baƙin ne suka zo a makare, masu bindiga, su barewa suke so, kuma kwana biyar ana yawo da su ba su ga ko ɗaya ba. Ilu ya ji tsoron kada kamfani ya ji kunya. Wani ya tsegunta masa cewa akwai wurin da bareyi ke taruwa da bazara, kuma mutum huɗu kacal suka san hanyarsa. Uku sun tsufa. Na huɗun babanku ne.

Wurin wani kwari ne a tsakiyar tuddan yashi, tafiyar yini guda a ƙafa, mai inuwar aduwa da ƙirya da gunar daji. Can matan bareyi ke zuwa su haihu idan zafi ya tsananta. Maharba suna kiran shi Ɗakin Jego. Dokarsu tun kaka da kakanni ita ce ba a shiga da makami. A bakin kwarin akwai wata tsohuwar aduwa, reshenta ya yi santsi saboda rataye baka. Maharbi ya rataye nasa a nan, ya shiga hannu wofi, ya ƙirga sawu, ya dawo ya gaya wa Sarkin Baka, shugabansu. Da wannan ƙirgen ake sanin nawa za a iya harbi bayan kaka. Mu mata sunan kawai muka sani. Ko cikin maharba ba a nuna wa mutum hanyar sai an ga hankalinsa ya zauna, kuma sai ya rantse.

Ilu ya zo ƙofar gidanmu sau biyu. Na ji shi ta bayan zana yana cewa, "Haba maharbi, dabba ce fa. Buhu biyu na gero, da madarar gwangwani ta jariri. An ce matarka ta haihu, ko ba haka ba?" Babanku ya ce, "Ta haihu. Ka gaida gida."

Rana ta uku da azahar yana zaune a inuwar rumbun da babu komai a ciki, yana tufkar igiya. Na fito na ɗora masa ke a cinya. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, na tsaya a kansa na matsa nonona da hannu biyu don ya gani. Ko ɗigo. Na ce, "Bareyi suna da ɗakin jego. Ni ina nawa?"

Ya daɗe yana kallonki. Sai ya ce, "Kubura, kin san abin da kike roƙo?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ba ki sani ba. Amma na ji."

Ya miƙo mini ke, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita.

Abin da ya faru a can sai bayan shekaru ya gaya mini, shi ma sau ɗaya. Ilu ya mayar masa da bakansa, wai baƙin suna son su ɗauki hoto da maharbi na gaske. Da suka isa gindin aduwar sai babanku ya ce a tsaya. Ya sauka ya rataye bakan a reshe. Ilu ya yi dariya ya ce, "Kai ka rataye naka, mu namu na hannu." Motoci huɗu suka shiga. Babanku ya ce bareyin ba su gudu ba. Tun da aka halicci kwarin ba a taɓa korar su a ciki ba, sai suka tsaya suna kallo, kunnuwa a tsaye, wasu da 'ya'ya a ƙarƙashinsu. Ko sauka daga mota baƙin ba su yi ba. Ya ce shi ya zauna a ƙasa ya toshe kunnuwa, amma ƙarar tana shigowa ta ƙirji. Da za su fito Ilu ya ce ya ɗauko bakansa. Bai ɗauka ba.

Da la'asar mota ta shigo gari, bayanta cike da nama, jini na ɗiga a yashi yana bushewa nan take. Baƙin sun cire ƙahoni da abin da suke so, sauran wai sadaka. Gari ya fito da ƙore da akussa. A'i ce ta farke cikin wata barewa ta ga ɗa a ciki, har da gashinsa. Ta rufe shi da zane. Sarkin Baka Nomau, tsoho ne tukuf, aka kai masa cinya ya ce a mayar. Babanku bai taɓa ba. Sauran gari kowa ya ci.

Ni ma na ci. Rubuta, kada ki tsallake. Na sha romon, na ci naman, na dama kunun geron Ilu na sha har na yi gumi. Kwana uku nonona ya kawo. Kika kama kina haɗiya ina jin ƙarar maƙogwaronki, ina kuka ina godiya ga Allah, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Kwana tara bayan haka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigon farko. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita tsirara suna ihu, muka tara kowace tukunya a bakin indararo. Kafin mako tafasa ta tsiro a bayan gida, awaki suka fara samun abin tsinka. Kwana tara, Auta. Na sha lissafa su. Wata rana in ce da kin kai, wata rana in ce da ba ki kai ba. Allah kaɗai ya sani, ni dai ban jira ba.

Bayan shuka Sarkin Baka ya tara maharba a gindin gawo. Gidanmu yana kusa, ina tsaye bayan zana da ke a goye, ina jin komai. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na kai ka kwarin nan da ƙafata. Na san ba halinka ba ne. Wa ya sa ka?"

Babanku ya ce, "Ba kowa, Sarki. Ƙafata ce ta kai ni."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Zana ɗaya ce tsakanina da su. Da na yi tari ma da sun ji. Ban yi ba.

Ba su doke shi ba, ba su kore shi ba. Sun daina kiran shi ne kawai. In ya zo majalisa a amsa sallamarsa a ci gaba da wata hira. Mutanen da suka ci naman nan har suka suɗe hannu, su ne 'ya'yansu ke nuna Babba a rijiya suna cewa ɗan mai sayar da daji. Kamfanin ya sake zuwa sanyi biyu, da suka ga babu abin harbi suka naɗe tantunansu suka yi gaba. Takardar dai ba a janye ta ba, bakunan ma ba a mayar ba. Maharba suka watse, wasu Libiya, wasu Kano. Zawarawa suka daina jin sallama da ƙafar gaba. Babanku ya tafi Damagaram ya zama mai gadin wani kanti. Mutumin da ke duban yashi ya gaya maka barewa ce mai ciki ta wuce jiya da hantsi, shi ne ya ƙare a kan benci yana buɗe wa motoci ƙofa. In na kai masa ziyara sai in ga idonsa a ƙasa yana karanta sawun mutane a bakin titi, bai ma san yana yi ba.

Shekara ashirin da wani abu muka ƙara tare. Ko a faɗa, ko da wasa, bai taɓa ce mini ke kika sa ni ba. In kika zo hutu daga makaranta ya ce, "Ga 'yar bazarata." Ke kina jin daɗi, ni in shige ɗaki. Har ya koma ga Allah ban ce masa ya yafe mini ba, don in na faɗa sai mun buɗe maganar, shi kuma ya riga ya rufe ta da jikinsa. Yau shekara takwas ina zawarci, kuma ba rashinsa kaɗai nake kuka ba.

Share hawayen kada ki jiƙa takardar. Ba ke kika ci ba, ni na ci. Kuma in an mayar da ni ranar nan aka ɗora mini ke a hannu, ban ce ba zan sake ba. Abin da ya sa ciwon bai warke ba ke nan.

Akwai abin da Alhaji bai sani ba. Shekara guda kafin babanku ya rasu ya ɗauki Babba suka tafi a ƙafa, ya nuna masa hanyar kwarin. Ba su tarar da komai ba sai yashi da aduwar, bakan ma gara ta cinye. Tun daga nan kowace bazara Babba yana zuwa shi kaɗai, ya rataye sandarsa a reshe, tun da ba shi da baka, ya shiga ya duba. Shekara da shekaru babu ko sawu. Bana, kwana kaɗan kafin wannan magana ta taso, ya turo saƙon murya a wayarki, ke kika kunna mini, amma ba ki gane abin da yake nufi ba. Ya ce, "Inna, na je wajen Baba. Na ƙirga bakwai, biyu ƙanana." Kika ce wai tumaki yake nufi? Na ce miki e.

Bakwai, Auta. Bayan shekara talatin da ɗoriya.

Na san halin da Babba yake ciki. Daminar bara ba ta yi ba, gidansa baki goma sha ɗaya, kuma matar ɗansa tana da tsohon ciki. Na san dalilin da ya sa ya ce sai abin da Inna ta ce: yana tsoron bakinsa ne, yana so wani ya riƙe masa. Kuma na san Alhaji alheri yake nufi. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya sa aka buɗe mini ido, tuwonsa nake ci, ban taɓa ganin ya ɗaure fuska ba. Ki rubuta masa cewa na gode, Allah ya saka masa da gidan Aljanna, Allah ya sa 'ya'yansa su yi masa abin da ya yi mini.

Sannan ki rubuta: Inna ta ce a'a.

Dakata, ban gama ba. Na san a'a ba ta da nauyi a bakin wadda ke zaune gaban esi da shinkafa a ciki. In na aika masa da ita ta waya daga nan, na sake laɓewa a bayan zana ke nan, wani yana ɗaukar kayan da na ɗaura. Don haka ki roƙar mini Alhaji ya sama mini jirgi cikin makon nan. Abin da zai kashe a kan idona na biyu ya auna wa Babba hatsi da shi, in ya yarda. Zan je in zauna da su har ruwa ya sauka. In anza za a jiƙa, na fi su sanin kwana nawa take yi. In yarinyar nan ta haihu nono ya ƙi, ni zan zauna kusa da ita, don kada ta fita ta tsaya a kan wani da azahar. Kuma zan tara Babba da duk wanda ya rage cikin 'ya'yan maharba a gindin gawon nan, in ba Sarkin Baka amsar tambayarsa, ko da yake ya daɗe a ƙasa.

Kada ki ce mini likita ya sa rana. Na ji ranar da ya sa. Ki gaya masa tsohuwar ta gode, ido ɗaya ya ishe ta. Ba karatu zan yi da shi ba. In Babba ya yarda ya ɗora ni a jaki har gindin aduwar, sawu bakwai kawai zan ƙirga.